Dandalin Kasuwanci a Idon Injin Bincike: Kiyaye Ingancin Gini da Ingancin Rubutu

Yawancin mutanen da ke neman kaya ko hidima a intanet suna farawa ne daga injin bincike, wato manhajar da ake rubuta wa tambaya ta fito da jerin shafukan da take ganin suna ɗauke da amsa, kuma kusan tara cikin goma na irin wannan bincike a duniya yana bi ne ta hannun kamfanin Google. Wannan ne ya sa kamfanoni manya da ƙanana suke wallafa bayanai game da kayansu da sana'arsu, da fatan mai neman sanin yadda ake zaɓen batirin sola, alal misali, zai faɗo kan rubutunsu, daga nan kuma ya zama mai saye. A wannan maƙala, dandali yana nufin dukkan abin da kamfani ya mallaka a ƙarƙashin adireshinsa na intanet, shafi kuma yana nufin kowane rubutu guda da ke cikin dandalin. Aikin gyara dandali domin injin bincike ya gan shi, ya fahimce shi, ya kuma nuna shi ga masu nema, shi ne masu sana'ar suke kira SEO a taƙaice.

Kuskuren da ya fi yawa game da wannan aiki shi ne ɗaukarsa a matsayin kwangilar da ake bayarwa sau ɗaya a gama, alhali matsayin da shafi ya samu a sakamakon bincike yana zagwanyewa da kansa idan aka bar shi, domin manhajoji suna tsufa, adireshi suna mutuwa, farashi da dokoki suna canzawa, abokan gogayya kuma suna wallafa abin da ya fi. Lamarin ya yi kama da na katangar ƙasa, wadda ba ginin farko ne yake tsayar da ita ba, yaɓen da ake yi mata kafin kowace damina ne. Kulawar kuwa ɓangare biyu gare ta waɗanda ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya: ingancin gini, wato lafiyar dandalin ta fuskar fasaha, da ingancin rubutu, wato amfanin abin da mai karatu zai tarar.

Matakai uku da kowane shafi yake bi

Kafin shafi ya bayyana a gaban mai bincike sai ya tsallake matakai uku. Na farko shi ne ziyara, inda wata manhaja mai suna Googlebot take yawo daga shafi zuwa shafi ta hanyar bin mahaɗai, wato kalmomi ko hotunan da ake latsawa su kai mutum wani shafin, tana kwaso abin da ta tarar. Na biyu shi ne shigarwa a fihirisa, wato babban kundin da Google yake adana bayanin shafuka a ciki bayan ya tantance abin da kowannensu ya ƙunsa, kuma ba duk shafin da aka ziyarta ne yake samun shiga ba, saboda ana tsallake wanda ya zama kwafin wani ko wanda bai ƙunshi abin kirki ba. Na uku shi ne jerantawa, wadda take faruwa a daidai lokacin da mutum ya rubuta tambayarsa, inda ƙa'idojin lissafi suke zaɓo shafuka daga fihirisa su jera su gwargwadon dacewarsu da tambayar da kuma amincinsu.

Amfanin sanin waɗannan matakai shi ne suna nuna inda matsala take idan maziyarta sun ragu. Shafin da aka toshe wa Googlebot hanyar shigarsa ba zai kai ga a auna rubutunsa ba komai kyansa, haka nan shafin da ginin sa ba shi da aibi ko ɗaya zai iya shiga fihirisa ya zauna a can ƙasan jeri, inda babu mai isa, idan rubutunsa bai amsa tambayar kowa ba.

Abin da tarihin yaudara ya koyar

Lokacin da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, bayan binciken da suka fara a Jami'ar Stanford ta Amurka, abin da ya bambanta injinsu da na gabansu shi ne tsarin da suka kira PageRank, wanda yake ɗaukar kowane mahaɗi daga wani dandali a matsayin shaidar yabo ga shafin da aka nuna, yana kuma ba shaidar dandali mai daraja nauyi fiye da ta wanda ba a sani ba. Tun daga wannan lokaci aka shiga wasan ɓuya tsakanin injin da masu neman gajeriyar hanya, kuma kowace dabara da ta yi tashe sai da aka toshe ta.

Dabara ta farko ita ce cusa kalmomi, wato maimaita kalmar da mutane suke nema sau da yawa a shafi, wani lokaci a ɓoye ta yadda inji ne kaɗai zai gani. A watan Fabrairun 2006 Google ya cire dandalin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga fihirisarsa na ɗan lokaci, saboda an shirya shafukan da suke nuna wa inji rubutu cike da kalmomin neman mota, su kuma mutane a karkatar da su zuwa wani shafin daban. A 2009 kuma Google ya bayyana cewa ba ya amfani da jerin kalmomin da masu dandali suke rubutawa a bayan fage domin gaya wa inji abin da shafi ya ƙunsa, saboda an riga an lalata wannan hanya da ƙarya.

Dabara ta biyu ita ce sayen mahaɗai. A watan Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kantin J.C. Penney na Amurka yana fitowa a sahun farko a binciken kayayyaki iri-iri, daga riguna zuwa kayan shimfiɗa, ta dalilin dubban mahaɗai da aka dasa a wasu dandalin da ba su da alaƙa da kayan. Kantin ya ce bai san da aikin ba, ya kuma sallami kamfanin da ya ɗauka domin kula da harkar, amma duk da haka sai da ya yi kusan wata uku a can ƙasan jeri. Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa shi ne hukunci yana faɗawa ne kan mai dandali, ko da ɗan kwangila ne ya yi laifin. A watan Afrilun 2012 Google ya fito da sauyin tsarin jerantawa da aka yi wa laƙabi da Penguin, wanda ya mayar da gano mahaɗan bogi aikin inji maimakon jiran tonon asiri.

Dabara ta uku ita ce yawan rubutu marar nauyi. A ƙarshen shekarun 2000 an sami kamfanonin da suke biyan marubuta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba domin su rubuta dubban gajerun maƙalu kan duk abin da mutane suke nema, ba tare da sanin fannin ba. Sauyin da aka kira Panda, wanda ya fito a watan Fabrairun 2011, ya shafi kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka, kuma ya kawo wata ƙa'ida da har yanzu take da tasiri, wato raunin wasu shafuka yana iya jan dandalin baki ɗaya ƙasa.

Ingancin gini: ƙofa, adireshi da tsaro

Abu na farko da mai kula da dandali yake dubawa shi ne ko ƙofa a buɗe take. Akwai wani ƙaramin fayil mai suna robots.txt, wanda aka fara amfani da shi tun 1994, da yake gaya wa manhajojin ziyara inda aka yarda su shiga da inda aka hana, akwai kuma umarnin noindex da ake sa wa shafi domin kada a shigar da shi fihirisa. Masu gina dandali sukan sa waɗannan shingaye yayin da aiki bai kammala ba, kuma sau da yawa akan buɗe dandali ga jama'a a manta ba a cire su ba, sai kamfani ya yi watanni yana wallafa rubutun da inji ba ya gani. A manhajar WordPress, wadda sama da kashi 40 cikin ɗari na dandalin duniya suke aiki da ita, akwati guda ne a cikin saituna yake jawo wannan ɓarna idan aka bar shi a latse. Abokin fayil ɗin robots.txt shi ne taswirar dandali, wato jerin adireshin shafukan da ake so inji ya sani, tsarin da Google ya gabatar a 2005, kuma kowace taswira guda tana ɗaukar adireshi har 50,000.

Abu na biyu shi ne dawwamar adireshi. Wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2024 ya gano cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma, abin da yake nuna cewa mutuwar mahaɗai al'ada ce ta intanet. Idan aka goge shafi ko aka canza adireshinsa, mai ziyara yana cin karo da saƙon kuskure mai lamba 404, wanda ma'anarsa ba a sami shafin ba. Wannan saƙo a karan kansa ba laifi ba ne a wurin Google, asarar tana cikin cewa duk darajar da tsohon adireshin ya tara daga mahaɗan wasu dandali ta tafi a banza. Maganinta shi ne turawa ta dindindin, mai lamba 301, wadda take kai mutum da inji daga tsohon adireshi zuwa sabon da ya gaje shi. Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne na sake fasalin dandali ko ƙaura zuwa sabon suna, domin ɗaruruwan adireshi suna canzawa a dare ɗaya, saboda haka ƙwararru sukan rubuta jerin tsofaffin adireshi da magajin kowannensu tun kafin a taɓa komai.

Akwai kuma matsalar maimaici, inda shafi guda yake bayyana a ƙarƙashin adireshi da yawa, misali kaya ɗaya da aka jera ta launi da ta farashi da ta girma, kowane jeri da nasa adireshin. Tun 2009 manyan injunan bincike suka amince da wata alama da mai dandali yake sawa domin nuna wane adireshi ne na asali, ta yadda darajar shafin ba za ta rarrabu ba. A 2011 kuma Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa tsarin Schema.org, wanda yake ba mai dandali damar rubuta farashi, lokacin buɗe shago, sunan marubuci da makamantansu a sigar da inji yake karantawa kai tsaye, sharaɗin dai abin da aka gaya wa inji ya yi daidai da abin da mutum yake gani a shafin.

Abu na uku shi ne tsaro. Adireshin da ya fara da https yana nuna cewa bayanan da suke wucewa tsakanin mai ziyara da dandali a kulle suke, kuma Google ya sanar a watan Agustan 2014 cewa yana la'akari da wannan wajen jerantawa, sannan daga watan Yulin 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk dandalin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Samun takardar shaidar wannan kulle ya daina zama batun kuɗi tun da ƙungiyar Let's Encrypt ta fara bayar da ita kyauta a 2015, sai dai wa'adin takardar gajere ne, kuma idan sabuntawar ta tsaya ba a lura ba, mai ziyara zai tarar da gargaɗi maimakon shafi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne kutse, wanda galibi yake shigowa ta ƙananan manhajojin ƙari da aka bari ba a sabunta ba, inda masu kutsen suke dasa dubban shafukan tallan magunguna ko caca a ƙarƙashin sunan kamfanin, mai dandali kuma ba ya sani sai sunansa ya fara fitowa tare da su a sakamakon bincike.

Sauri da wayar hannu

A 2015 Google ya bayyana cewa binciken da ake yi da waya ya zarce wanda ake yi da kwamfuta a ƙasashe goma, ciki har da Amurka da Japan, kuma a watan Afrilun shekarar ya fara fifita shafukan da suke karantuwa a ƙaramin allo. Daga baya ya juya tsarin gaba ɗaya, ta yadda sigar waya ce ake ziyarta ake shigarwa a fihirisa, aikin da aka fara a 2018 aka kuma sanar da kammalawarsa a 2023. Sakamakon wannan shi ne duk bayanin da aka cire daga sigar waya domin rage cunkoso, tamkar babu shi ne a idon inji.

A 2020 Google ya gabatar da ma'aunai uku na jin daɗin mai ziyara, waɗanda suka shiga lissafin jerantawa a 2021. Na farko yana auna tsawon lokacin da babban abin da ke shafi, hoto ne ko rubutu, yake ɗauka kafin ya bayyana, kuma abin da ake so shi ne kada ya wuce daƙiƙa 2.5. Na biyu, wanda aka sauya fasalinsa a watan Maris na 2024, yana auna jinkirin da ke tsakanin latsawa da amsawar shafi, inda iyakar da ake so ita ce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Na uku yana auna tsalle-tsallen shafi yayin buɗewa, wato abin nan da yake sa mutum ya kai yatsa zai latsa wani wuri sai talla ta faɗo ta ture rubutun, kuma makin da ake so shi ne 0.1 ko ƙasa da haka. Ana ɗauko alkaluman ne daga ainihin masu amfani da Chrome, kuma ana so aƙalla uku cikin huɗu na ziyarce-ziyarce su cika ma'aunin, wanda ke nufin cewa gwajin da shugaban kamfani ya yi da sabuwar wayarsa a ofis mai ƙarfin intanet ba shi ne hukunci ba.

Abin da ya fi nauyaya shafi a mafi yawan lokuta shi ne hotunan da aka ɗora da girmansu na asali, sai kuma tarin manhajojin talla da na bin sawun maziyarta. Rage girman hoto, da amfani da sigogi marasa nauyi irin WebP, da jinkirta buɗe hotunan da ke can ƙasan shafi har sai mai karatu ya gangaro, sukan magance babban ɓangaren matsalar. Duk da haka Google da kansa ya bayyana cewa dacewar rubutu da tambaya ta fi sauri nauyi a lissafinsa, saboda haka sauri ya fi yin tasiri ne idan shafuka biyu sun yi kunnen doki a inganci, kodayake a wurin mai saye da yake lissafin datarsa, shafi mai nauyi dalili ne na juyawa tun kafin ya karanta layin farko.

Ingancin rubutu da yadda ake auna shi

Google yana ɗaukar dubban mutane a ƙasashe daban-daban domin su duba sakamakon bincike su ba shi maki, bisa wani dogon littafin ƙa'idoji da aka wallafa cikakke ga jama'a a 2015. Makin da suke bayarwa ba ya ɗaga wani shafi ko sauke shi kai tsaye, ana amfani da shi ne wajen gwada ko sauye-sauyen da ake yi wa injin suna haifar da abin da ake so, amma ƙa'idojin suna nuna alƙiblar da aka dosa. Ginshiƙansu huɗu ne: gogewa ta zahiri da abin da ake magana a kai, wadda aka ƙara a watan Disambar 2022, sai ƙwarewa a fannin, sai shahara a tsakanin masana fannin, sai kuma aminci, wanda ƙa'idojin suka ce shi ne ya fi sauran muhimmanci. Ana tsananta ma'aunin a kan batutuwan da kuskure a cikinsu zai iya cutar da lafiya, dukiya ko tsaron mai karatu, saboda haka kantin magani ko kamfanin hada-hadar kuɗi yana fuskantar bincike mai tsauri fiye da mai sayar da furanni.

A nan ne ɗan kasuwa yake da fifikon da sau da yawa ba ya amfani da shi, domin shi ne yake jin tambayoyin masu saye kullum, ya san kayan da ake yawan dawowa da su da dalili, ya kuma san inda bayanin masana'anta ya saɓa da abin da yake faruwa a hannun mai amfani. Rubutun da ya fito daga wannan sani, da hotunan aikin kamfanin na gaske, da sunan wanda ya rubuta da matsayinsa, da adireshin da za a iya samun kamfanin, abu ne da abokin gogayya ba zai iya kwafa ba. Akasin haka shi ne rubutun da aka tattaro daga shafuka goma na farko a Google aka sake jera kalmominsa, wanda bai ƙara wa duniya komai ba. Sauyin da Google ya fito da shi a watan Agustan 2022 ya nufi irin wannan rubutu ne, wato wanda aka yi domin inji maimakon mutum, kuma a jagororinsa kamfanin ya fito fili ya ce ba shi da wani adadin kalmomi da ya fi so, ya kuma yi gargaɗi kan canza kwanan watan shafi domin ya zama kamar sabo alhali ba a taɓa abin da ke ciki ba.

Kafin a rubuta komai, wajibi ne a gane manufar mai tambaya, domin wanda ya rubuta sunan kaya da kalmar farashi yana dab da saye, wanda kuma ya tambayi yadda kayan yake aiki yana neman ilimi ne, kuma shafin da ya tari na biyun da talla ya rasa shi. Tun da aka shigar da tsarin BERT a 2019, wanda yake fahimtar kalma gwargwadon kalmomin da suke kewaye da ita, maimaita jimla guda domin inji ya daina amfani, abin da ya rage shi ne take mai faɗin gaskiyar abin da ke shafi da amsa da take zuwa da wuri.

Rubutun na'ura

Bayyanar manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu iya rubutu ta sa samar da maƙala ɗari ya zama aikin yini guda, ta kuma dawo da jarabar da Panda ya yi yaƙi da ita. A watan Janairun 2023 aka gano cewa dandalin labaran fasaha na CNET ya wallafa maƙalu 77 kan harkar kuɗi da na'ura ta rubuta, kuma bayan dubawa sai da aka yi wa 41 daga cikinsu gyara. A ɗaya daga ciki an rubuta cewa wanda ya ajiye dala 10,000 a kan ruwan kashi 3 cikin ɗari zai samu ƙarin dala 10,300 a shekara, alhali ƙarin dala 300 ne. Matsayin da Google ya bayyana a watan Fabrairun 2023 shi ne yana duba ingancin rubutu ne ba hanyar da aka samar da shi ba, sai dai a watan Maris na 2024 ya sanya wallafa tarin shafuka domin yaudarar jeri cikin laifuffukan da ake hukuntawa, ko mutum ne ya rubuta su ko na'ura. Saboda haka nauyin tabbatar da kowane adadi da kowace da'awa yana nan a wuyan kamfanin da sunansa yake saman shafin.

Dandalin da yake magana da Hausa

Kamfanin da yake rubutu da Hausa yana da ƙarin abubuwan lura. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a rubutun Nijar, suna buƙatar dandali ya yi aiki da tsarin haruffa na UTF-8 da kuma salon rubutun da ya ƙunshe su, in ba haka ba sai su fito a matsayin akwatuna ko alamun tambaya a wayar mai karatu. Masu bincike da yawa kuma suna rubuta tambayarsu ba tare da lanƙwasa ba, wasu ma suna gauraya Hausa da Turanci ko Faransanci, don haka ya kamata mai dandali ya duba ainihin kalmomin da suke kawo masa mutane kafin ya tsara takensa. Idan shafi guda yana da sigar Hausa da ta wani harshe, kowace siga tana buƙatar adireshinta, tare da alamar da ake kira hreflang wadda take nuna wa inji cewa fassarar juna ne, lambar Hausa kuma a wannan tsari ita ce ha. Ƙarancin ingantaccen rubutun Hausa a fannoni kamar noma, lantarki da kiwon dabbobi yana nufin cewa gogayya ba ta kai ta Turanci zafi ba, amma fassarar inji da ba a bi ta an gyara ba tana zubar da amincin kamfani a idon mai karatun da harshensa ne.

Tsarin kulawa

Kayan aikin da ya fi kowane muhimmanci kyauta ne, wato Search Console na Google, wanda yake nuna shafukan da suka shiga fihirisa da waɗanda aka tsallake tare da dalili, da kalmomin da aka nema har shafi ya bayyana, da adadin waɗanda suka latsa, na tsawon wata 16 da suka wuce, yana kuma aiko da sanarwa idan an yi kutse ko an yanke wa dandali hukunci. Dubawa a kai a kai tana kama matsalar gini tun tana ƙarama, ita kuwa matsalar rubutu tana buƙatar bita mai zurfi aƙalla sau ɗaya ko biyu a shekara, inda ake bin kowane shafi a yanke masa ɗaya daga hukunci huɗu: a bar shi idan yana aiki, a sabunta shi idan bayaninsa ya tsufa, a haɗe shi da ɗan'uwansa idan shafuka biyu suna takara kan tambaya guda, ko a cire shi a tura adireshinsa zuwa mafi kusa da shi idan amfaninsa ya ƙare.

Aunawa ma tana buƙatar hankali, domin Google yana yin manyan sauye-sauye sau da dama a shekara, kuma faɗuwar da ta zo daidai da irin wannan sauyi tana da magani daban da wadda ta biyo bayan sake fasalin dandali ko wadda yanayin kasuwa ya kawo. Tun watan Mayun 2024, lokacin da aka fara nuna taƙaitacciyar amsar da na'ura ta haɗa a saman sakamakon bincike a Amurka, kafin a faɗaɗa ta zuwa ƙasashe sama da 100 a cikin shekarar, tambayoyi masu sauƙi da yawa suna samun amsa ba tare da an shiga kowane shafi ba. Wannan ya rage darajar yawan maziyarta a matsayin ma'auni, ya kuma ƙara darajar tambayar da ta fi dacewa da ɗan kasuwa, wato mutum nawa ne cikin waɗanda suka zo suka kira waya, suka aiko da saƙo ko suka saya.

Jagororin Google sun yi gargaɗi cewa babu wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya, jami'ansa kuma sun bayyana cewa aikin gyara yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa, saboda haka ɗan kwangilar da ya yi alkawarin sahun farko cikin mako biyu ya cancanci a tambaye shi hanyar da zai bi, a kuma rubuta amsarsa a cikin yarjejeniya. Ya kamata kuma sunan adireshin dandali da asusun Search Console su kasance a hannun kamfanin da kansa, a naɗa mutum guda da aka san shi da alhakin dubawa, a kuma ware wa kulawa kasonta a kasafin kowace shekara kamar yadda ake ware wa haya da albashi.